Farin Gari a Kafaɗar Haulatu

Shatin yatsu ne, fari fat, a kafaɗar baƙar abayar Haulatu. Mijinta Uwais ya hango shi tun tana cire takalmi a ƙofar ɗakinsu da ke unguwar Old Airport a Doha.

"Fulawa ce," in ji ta, tana kakkaɓewa. "A wurin aiki na kwaso."

Wurin aiki! Ita da raino da guga ne aikinta a gidan Madam a Al Wukair, yaushe aka mayar da ita mai gasa burodi? Kuma wane irin aiki ne wannan da sai ranar Juma'a, ranar hutunta, Gado direban Madam zai zo da sassafe ya yi mata hon? Ta dawo tana jiri, abinci ba ya shiga, ga kunne a toshe sai an kira ta sau biyu. Duk da haka murmushi ba ya barin fuskarta, kuma murmushin nan ne ya fi ci wa Uwais rai.

An ce kishi kumallon mata, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa haɗuwa da Uwais ba. Gadi yake yi a wani babban kanti, wuni yake yana kallon hannuwan mutane, har ya ɗauka ba abin da ke ɓoye masa a duniya. Yanzu ko ɓarawo ya wuce ta gabansa ba ya gani. Gado kawai yake gani: dogo, ga gashin baki, ga turaren da ke riga shi shiga wuri. Shi Uwais ya sha wahalar neman bizar da ta kawo Haulatu Doha, ashe don wani ya kawo ta? In haka ne, wallahi auren ya ƙare.

Juma'ar da ta biyo baya ya ari motar wani abokin aikinsa ya bi su a baya. Suka bar gari, gine-gine suka ƙare, sai rairayi. Can suka tsaya a wani ƙaramin filin jirgi, inda masu hali ke zuwa wasa da ƙananan jirage masu kujera biyu. Yana kallo Haulatu da Gado suka shige wata kwantena da aka mayar ofis, ƙofa ta rufu. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Ta ƙofar shiga akwai mai gadi, don haka ya zagaya ta baya ya ratsa ƙarƙashin wayar shinge. Filin fetal yake, ba itace ba gini, sai wani durom guda a tsakiya da aka zagaye da farar ƙasa. Daga nan ana ganin ƙofar kwantenar sarai. Ya ruga ya laɓe a bayansa, ya kafa wa ƙofar ido.

Lasifika na ta karanto dokokin gasar ranar, da Larabci da Turanci. Ƙullin fulawar da za a jefo daga jirgi kada ya wuce cikin tafin hannu. Matuƙi ba ya jifa, hannunsa na kan tuƙi, na kusa da shi ne ke saki. Kowa jifa ɗaya gare shi. Idan aka ga mutum a fili, ko raƙumi ne ma, ba a saki komai, ko da kuwa za a rasa gasar. Uwais yana ji, amma ta kunnen dama ta shiga ta fita ta hagu. Ina ruwansa da wasan masu kuɗi?

Wani jirgi ja ya taso, ya yi ƙasa-ƙasa ya wuce ta saman kansa har iska ta ɗaga masa hula. Ya tafi, ya juyo, ya sake wucewa. Uwais ya yi tsaki. Ƙarar ta hana shi jin ko da motsi daga ofishin, shi kuwa a ransa har dariyarsu yake ji.

Sai ga ƙofar ta buɗe. Gado ne ya fito a guje, shi kaɗai, da rediyon hannu, yana ɗaga hannuwa.

"Kai! Wane ne a wurin nan? Yalla, fita daga fili! Malam Uwais? Innalillahi! Kai ne?"

Uwais ya miƙe ya ci kwalarsa. "Ina matata? Tana ciki, ko? Fito min da ita!"

"Sake ni, Malam. Khalas, shi ke nan, ka laɓe a durom ɗin da ake jifa, ka riga ka kashe mana gasar."

Uwais ya hankaɗe shi ya nufi kwantenar, ya banke ƙofa. Ba kowa sai tebur, da buhun fulawa a buɗe, da wata ƙofar baya a wangale. Ya tsaya yana huci, bai san inda zai sa fushinsa ba.

A lokacin jan jirgin ya sauka, ya gangaro ya tsaya kusa da su. Madam ta fito daga kujerar tuƙi fuska a murtuke. Ta ɗaya gefen kuma wata ta sauko a hankali, ta cire abin kunne, ɗan ƙullin fulawa na nan a hannunta bai taɓa ƙasa ba. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Maigida," in ji Haulatu, "wata da watanni ina koyon saiti daga sama don in ciyo kofin nan in ba ka mamaki. Yau kaɗai na samu abin da na so in jefa da zuciya ɗaya, doka ta hana ni."