Kujerar Wiebe

Tun daga bakin gareji, Sjoukje ta ji rurin inji. Tsohuwar taraktar mijinta ce, Wiebe, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar injinta a wargaje bayan ya fashe a gasar jan nauyi.

Douwe, aminin marigayin, ya kashe injin, yana goge hannu da tsumma.

"Na ta da ita," ya ce. "Yuro dubu ashirin da shida ta ci. Shanuna goma sha biyu na sayar."

"Lallai ka haukace, Douwe."

"Ranar Asabar zan ja da ita a gasar." Ya sunkuyar da kai. "In na kai ƙarshen fili, ki aure ni."

Idonta na kan kujerar taraktar. Wiebe dogo ne, shi ya sa ya ɗaure ta can baya. Har yanzu fatar a lotse take inda yake zama.

"Hau in gani."

Douwe ya hau. Sai da ya zamo bakin kujerar kafin ƙafarsa ta kai kuloci.

"Ka sake komai, amma ka kasa taɓa wannan," ta ce a hankali. "Mu uku za mu zauna ke nan? Matso da ita, sannan ka tambaye ni."

Ya ɗauko sifana ya ɗora a kan notin kujerar. Tana tsaye tana jira har injin ya huce, hannunsa bai juya ba.