Ramin Yatsana a Ƙafar Baba

Babana mahauci ne a Abatuwa. Wata la'asar, kasuwa ta lafa, ya tsaga ƙodar saniya gida biyu ya nuna mini.

"Ita ke tace jini," in ji shi. "In ruwa da gishiri sun yi yawa ta zubar a fitsari, in sun yi ƙasa ta riƙe."

"Baba, in ta gaji fa?"

Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya kama yatsana ya danna a ƙwaurinsa da ya kumbura. Da na ɗaga, ramin ya ƙi cikowa.

"Jeka wanke hannunka," ya ce.

Bai ga ƙarshen shekarar ba. Yau na girme shi. Kullum kafin in sa takalmi sai na danna ƙwaurina, in tsaya ina jira.