Wasan Da Odessa Ta Fi So

Tun ranar Laraba aka fara shafe garinmu da jan fenti, launin 'yan wasanmu. Tagogin shaguna, bayan motoci, har karen mai gidan mai bai tsira ba. Asabar kwalejinmu ta Tolliver za ta kara da Brantwood, ta hayin kogi, a wasan ƙwallo, a kan tsohuwar ƙararrawar da mai nasara ke tafiya da ita. Kakanni suka bar mana gabar nan, mu kuma muka riƙe ta hannu bibbiyu kamar gonar gado.

Bana akwai ƙari. Ƙungiyar magoya baya ta yanke shawarar sa wa babbar ƙofar filin wasa sunan marigayi Harlan Pruitt. A hutun rabin lokaci matarsa Odessa za ta tsaya tsakiyar fili, ta faɗi wasan da ta fi so a tarihin gabar, sannan ta ja igiya ƙyalle ya sauka daga kan sunan. Abu mai sauƙi. Amma tun da aka gaya mata, abinci ya daina wuce mata.

Harlan ba ɓoyayye ba ne. Ƙato ne mai murya, bai taɓa kallon wasa a zaune ba. In Tolliver ta ci, sai ya zagaye gari yana danna hon, yana cilla yaran mutane sama yana cafewa. In an cinye mu, ba ya kula kowa, mota yake shiga ya nufi gida. Mutane kan kaɗa kai cikin sha'awa, su ce ƙwallo ta shiga jinin bawan Allah nan.

Masana kuwa sun ce matar ta fi shi son ƙwallo. Odessa ba ta taɓa taka fili ba. A kicin take bin wasa a rediyo, a tsaye, hannu a ƙirji, maƙwabta na jiyo addu'arta ta katanga. Ta san shekarar kowace nasara, ta kuma fi sanin ta kowace faɗuwa. Tana da camfe-camfenta, kamar kowane masoyin ƙwallo na ƙwarai. Ranar wasa da sassafe take kai yara gidan ƙanwarta. In aka shiga zangon ƙarshe na wasa muna baya, sai ta kwashe faranti da kofuna ta kulle a kabad, ta zare sakatar ƙofar baya, ta bar ta a buɗe.

Wata shekara wata maƙwabciya ta gan ta tana haka, kuma ana dab da tashi Tolliver ta farke ta ci. Shi ke nan fa. Mu ba ma wasa da sa'a. Yau rabin gari na buɗe ƙofar baya a zangon ƙarshe, ko da sanyi na yankan kunne, wai don nasara ta sami hanyar shigowa. Har riguna ake bugawa: Buɗe Ƙofa, Odessa!

Ranar Juma'a Buck Tillery, mai sharhin wasa a rediyo, ya zo shirya ta.

"Mama Odessa, kar ki wahalar da kanki. Ki ce wasan taɓo kawai, wanda muka ƙwato ƙararrawa. Shi kowa ke son ji."

"Na tuna shi. Mun ci."

"Ko na shekarar da alƙalin wasa ya yi mana fashi da rana tsaka. Wannan ma yana tada jama'a."

"Shekarar da na faɗo daga matakala ke nan," ta ce, tana murza wuyan hannunta na hagu, wanda ya ɗoru a karkace.

"Kin ji ba! Kan nan naki ya fi gidan rediyonmu ajiya, na rantse."

Bayan fitarsa waya ta yi ƙara. 'Yarta Corinne ce, wadda ta bar gari tun tana budurwa, ta kuma auri mutumin da bai san komai a kan ƙwallo ba. Har yau wasu ba su yafe mata ba.

"Mama, ki ce ba ki da lafiya. Ki ce komai. Kar ki je."

"Sun riga sun sassaƙa sunan, 'yar nan."

"To je ki ki tafa musu," in ji Corinne, ta kashe wayar.

Asabar hayaƙin gashin nama ya rufe gari tun hantsi. Fili ya cika ya batse. Aka tafi hutu Brantwood na gaba, zukata duk a sama. Da Odessa ta fito cikin kwat ɗinta ta zuwa coci, ƙarama, tana takawa a hankali, sai jama'a suka miƙe suna rera sunanta. Ita dai tsoro take ji, irin wanda ta zaci ta rabu da shi.

Buck ya damƙa mata igiya, ya kai makirufo bakinta.

"Faɗa musu, Mama! Wane wasa ne ya fi miki daɗi?"

Ta daɗe tana kallon ƙyallen da ya rufe sunan.

"Wanda aka yi bayan mun binne Harlan."

Ihu ya mutu. Kowa ya tuna wannan rana, don ba a taɓa wulaƙanta mu irinta ba: 'yan Brantwood suka ɗauke ƙararrawa suna mana gwalo har bakin gada.

Buck ya ƙaƙalo dariya. "Mama, kin haɗa shi da wani. Rannan ai kaca-kaca aka yi mana."

"Na sani, ɗana," in ji Odessa. Ta saki igiyar ba ta ja ba, muryarta ta fita ta kowace lasifika. "Rannan ne karo na farko da aka cinye Tolliver, ba wanda ya dawo gida ya rama a jikina."