Kabarin Ninian Geddes

Ishbel ta tsaya a kan kabarin kakanta, ta tara yawu a baki, sai ta ga akwai mutane a maƙabartar, ta haɗiye abinta.

Dutsen fari tas, har da furanni. An rubuta: Ninian Geddes, soja, miji nagari. Miji nagari! Mutumin da ya tafi yaƙin duniya na farko ya bar mata da ciki a ƙauyensu na masunta a arewacin Scotland, aka gama yaƙi ya zarce birnin Bradford, can kudu da Scotland, ya sake aure, ko gaisuwa bai aiko ba. Matar ta shekara arba'in tana feɗe kifi a bakin teku har yatsunta suka ƙandare, ta mutu ba ta ƙara ambaton sunansa ba.

Da don ta Ishbel ce, ba abin da zai kawo ta. Amma mahaifiyarta Effie, wadda aka bari a cikin nan, tana kwance asibiti, shekararta tamanin da biyu, likitoci sun ce saura kwanaki. "An rubuta masa an haife ni," in ji ta. "Ki je ki tambayo min, ko sau ɗaya ya taɓa faɗin sunana?"

Tun kafin nan, wata biyar Ishbel ta yi tana tonon takardun rundunar sojojin ƙasa ta yankinsu kafin ta samo shi. An sallame shi a 1919, lafiyarsa ƙalau. Lambar sojan da ke bin tasa ta Struan Cowie ce, amininsa, rana ɗaya suka shiga soja. Shi Struan bam ya tashi da shi a 1917, fuska ba ta ganuwa, da ƙwayar shaidar da sojoji ke ratayawa a wuya aka gane shi. Akwai wani layi a takardar Struan da ya ce a lokacin yana jiran shari'ar soja kan barin wurin gadi. Ishbel ta wuce layin. Sunan Struan na jikin dutsen tunawa na ƙauyensu, kuma duk Nuwamba a ƙarƙashinsa gidansu ke ajiye jan fure, tunda nasu ba abin tunawa ba ne.

Daga maƙabarta ta wuce gidan Clive Geddes, jikan Ninian ta wajen matarsa ta Bradford. Ƙato ne mai tumbi, wuyansa jawur. Ya tarbe ta da lambobin yabon kakan jere a ƙirjinsa na dama, yadda dangin soja ke yi, alhali ba ranar komai ba ce.

"Shigo, 'yar uwa! Ashe tsohon nan ya yi ɓarna a arewa bai faɗa mana ba!" Ya bushe da dariya shi kaɗai.

Ta zauna a bakin kujera. Shayin da ya kawo ya yi sanyi a gabanta, don ba ta jin za ta iya haɗiyar komai a gidan nan.

Clive ya yi ta zuba. Kaka mutum ne mai kawaici. Bai taɓa zuwa taron tsofaffin sojoji ba, in ya hango ɗan rundunarsu a titi sai ya canza hanya. In ya ji karin harshen Scotland a mashaya, ajiye kofi yake ya fita. "Ga kurumta! Ki yi ta Ninian, Ninian, sai kin taɓa shi zai juyo. Amma ki yar da cokali a kicin, ya ji."

"Ya taɓa ambaton wata Effie?"

"Effie? Karya ce ko mage?"

Ishbel ta ture kofin shayin gefe. Ta dubi mutumin nan da burbushin biskit a kan lambobin yabo, ta ji ƙyamar cewa jini ɗaya ke yawo a jikinsu. Wannan amsar za ta kai wa tsohuwa a gadon asibiti?

Shi ko a jikinsa. Ya jawo gwangwanin taba, ya zazzage mata ƙwayoyin shaida biyu a tafin hannu, da sunan Ninian da lambarsa. An yanke igiyar da wuƙa an sake ƙulla ta, ta yi baƙi ƙirin ta ƙandare. "Bai yarda a taɓa su ba. A ƙarƙashin katakon ɗaki muka tsince su bayan ya mutu."

Ta mayar masa, ta goge hannu a jikin siket ɗinta, ta miƙe. Sai ta tuna da hoton da ke jakarta, wanda kakarta ta kife a ƙasan akwati har ta bar duniya: Ninian zaune a kujera cikin sabon kaki, Struan tsaye a bayansa, hannunsa dafe da kafaɗarsa. Ta yi niyyar yaga shi a kan kabarin, ba ta yi ba. Ta jefa shi a kan tebur.

"Riƙe. Mu ba mu da amfani da shi."

Clive ya saka tabarau, fuskarsa ta washe. "Kai! Ba mu da hotonsa ko ɗaya na ƙuruciya. Ga shi nan kuwa, dubi kunnuwan, sak nawa!"

Ishbel ta bi yatsansa da kallo. A kan na tsaye yake, a kan Struan. Ashe Ninian ne bam ya tashi da shi.