Hular Cikin Gilashi

"Tsaya! Mayar da shi baya," in ji Inna 'Yardada, ta fizge wayar jikarta Firdausi.

Bidiyon wani tsohon sito ne a bakin tekun Legas, inda a da ake ajiye kananzir da lagwanin hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Yanzu ya zama gidan tarihi. A can mijinta Ɗantani yake aiki, har ranar da aka aiko unguwarsu Mandawari cewa ruwa ya ci shi. Shekara arba'in ke nan. Ta yi takaba, ta ƙi sake aure, duk Juma'a tana yi masa sadakar ƙosai.

Cikin akwatin gilashi ga wata hula.

"Ɗinkina ne! Kin ga inda koren zare ya ƙare mini na cike da shuɗi?"

Ɗan jaridar da ke cikin bidiyon ya nuna hular. "Ta Baba Ɗantani ce, tsohon ma'aikaci. 'Ya'yansa suka kawo ta bayan rasuwarsa bara."

Inna ta ajiye wayar a hankali.

"Firdausi, je ki tambayo mini Malam. Wata takabar zan shiga, ko waccan ta wadatar?"