Yatsu Huɗu a Hannun Muzuru

Ranar da nake tunawa, Baba ya dawo gidanmu na garin Woodbridge, can ƙasar Turawa, da azahar don ya ɗan huta kafin ya sake fita da tasi. Ya zube a kujera, ni kuma ina ƙasa ina kallon kaset ɗin wani tsohon katun na muzuru mai farautar ɓera. An sako wa muzurun ƙaton fiyano na kiɗa a ka, ya baje kamar gurasa, ya miƙe ya karkaɗe jiki ya ci gaba da gudu.

Na daɗe ban ji dariyar Baba ba, kuma so nake in burge shi. Sai na haɗa 'yar Hausata na ce, "Baba, ka san yatsunsa huɗu ne? Malamarmu ta ce da hannu ake zana su, shi ya sa aka rage ɗaya don aiki ya yi sauƙi."

Ya ƙanƙance ido ya ƙirga. Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ya ce, "Allah sarki. Ashe su ma masu zanen sun gaji."

Kafin katun ɗin ya ƙare barci ya ɗauke shi. Mama ta leƙo daga kicin ta ce in tashe shi kada ya makara, amma na rage sauti na sake kunna kaset ɗin daga farko.

Yanzu ni ke dawowa daga aiki a cikin cunkoson hanyar da Baba ya sha bi da tasi. Da ma sau biyu na maimaita kaset ɗin.