Hannun da Baba ya miƙa

Daga sallar Juma'a a babban masallacin Treichville Baba ya wuce da ni zauren gasar sunuka, wasan ƙwallon teburi da sanda, ko riga bai tsaya canzawa ba. Ina ɗan firamare lokacin. Wasan ƙarshe ne, shi da wani dogo mai yin tari da gangan duk sanda Baba ya sunkuya zai buga.

Ƙwallo ɗaya ta rage wa Baba. Ya miƙa jiki kan teburi, sai faffaɗan hannun rigarsa ta shadda ya shafi wata ƙwallo. Ko motsin kirki ba ta yi ba. Alƙalin wasa bai gani ba, balle dogon.

Baba ya ɗago ya ce, "Faute, na yi laifi. Na taɓa."

Bugu ya koma hannun dogon, ya share teburin tas, ya ci wasan. Baba ya miƙa masa hannu, yatsunsa duk shuɗin alli. Mutumin ya dubi hannun, ya yi dariya, ya juya wajen abokansa. Hannun nan ya daɗe a miƙe kafin Baba ya mayar da shi aljihu.

A cikin motar haya ta gbaka, hanyar komawa Adjamé, na ce, "Baba, ai ba wanda ya gani."

"Ni ba mutum ba ne?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Baba ya rasu, hoton dogon kuwa har yau yana zauren, rungume da kofi. Ba kofin ke cin raina ba. Zaure cike da manyan mutane, a rasa mutum ɗaya da zai taso ya karɓi hannun nan.